Wayar Birkin Mahbuba

"Ba sabuwa nike so ba, Lauwali. Wagga tsohuwar za ka ɗaure, yadda ba mai ganewa."

Mahbuba ce ke magana, tana tsaye a bakin rumfarsa ta gyaran mashin a gefen kasuwar Goronyo, ta ja mayafi ta rufe kuncinta na hagu.

Lauwali bakanike bai ɗago ba. Ya tsuguna gaban mashin ɗinta, 'yar roba-roba, ya matsa hannun birkin baya, ya ji shi sakwaf.

Labarin ba wanda bai sani ba. Mujaheed, ɗan wani dillalin albasa, shi ya saya mata mashin ɗin bayan an sa musu rana, don ta riƙa zuwa koyarwa Rimawa. Ta sha gaya masa birkin na wasa, kullum sai ya ce gobe. Ranar da wayar ta tsinke a gangaren dam, ta farka a asibiti da ɗinki a fuska. Kafin a cire zaren, ƙawarta Khairiyya, wadda ke kawo mata kunu wurin jinya, ta riga ta gaya wa uwar Mujaheed cewa fuskar nan ba ta gyaruwa.

Aka fasa...

Kuma su suka fasa, amma uwarsa ta aiko a mayar da mashin. Inna, mahaifiyar Mahbuba, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya fasa da bakinsa ya dawo karɓar kaya ba.

"Wa za ya hau ta?" Lauwali ya tambaya a hankali.

"Amaryarshi. Khairiyya."

"Ita ma ta dam take bi?"

"Kullum."

Ya jawo mata benci. Ta zauna, ta fara zuba. Ta gaya masa yadda ta daina duba madubi, da yadda mata ke yin shiru in ta shiga gidan suna. Shi dai yana ji, yana kwance noti, har ya zare tsohuwar wayar. Sai da ta ga ya yage leda ya fiddo wata fil tana ƙyalli, sannan ta miƙe.

"Mi kake yi?"

"Aikina."

"Ɗaurewa na ce ka yi!"

Ya zura wayar, ya ja ta har ƙafar baya, ya ɗaure notin tam, sannan ya dube ta.

"Ni na ɗauko ki daga gangaren nan, Mahbuba... Ba ni sake ɗaukar kowa."

Ba ta taɓa sanin shi ne ba. Hawaye suka zubo mata, amma wutar da ke cikinta ba ta mutu ba.

"To su ci bulus ke nan?"

Ya ce shi bai ce ba. Ya ce ta mayar da ita da kanta, da rana tsaka, kuma ta bar ɓoye fuskar nan, don shi bai ga abin ɓoyewa a cikinta ba.

Ranar kasuwa ta hau mashin ɗin. Ƙofar gidansu Mujaheed cike da 'yan albasa, har da baƙi daga Wurno da Rabah, ana ta ɗinke buhuna. Ta nufo su ba ta rage gudu ba, sai da ta zo daf da ƙafar Mujaheed ta matse birki. Ya yi tsalle ya faɗa kan buhu.

Ta sauka, ta yaye mayafin, ta durƙusa gaban mahaifinsa ta ajiye makulli.

"Baba, ga kayanku. Ku kunka fasa, ku kunka aiko. Na sa an gyara birkin da ɗanka ya kasa gyarawa, kada ta biyun ma ta lalace ku rasa ta ɗauka."

Ashe tsohon bai san an aika ba. Ya dubi ɗansa, ya dubi baƙinsa, ya cire hula ya sake sawa. Ya ce ta yi wa Allah ta ɗauki abinta. Ta ce ta yafe.

A ƙasa ta juya, kanta a miƙe. A bakin layi ta tarar da Lauwali a kan tsohon mashin ɗinsa.

"Kin huce, ɗiyar Inna?"

"Saura kaɗan..."

Da Lauwali ya turo manyansa neman aurenta, kawunta Halliru ya ƙi, wai mutumin da farcensa ba ya rabo da baƙin mai. Mahbuba ta aika masa ta bakin Inna cewa mai farin farce ta gani, ta kuma ga abin da ya yi mata. Bayan an cire albasa aka ɗaura.

Mahaifin Khairiyya kuwa, da labari ya kai masa, ya fasa ba Mujaheed 'yarsa, ya mayar da komai har tsinke. Daga Goronyo har Giyawa, duk gidan da Mujaheed ya kai kayan neman aure, sai an gaisa, an ba wakilansa ruwa, sannan a tambaye su cikin ladabi ko na aro ne.