Sarƙar Boglárka

"Maimaita min abin da ka faɗa a gaban Farfesa!"

Boglárka ta maka takardun a kan teburin ɗakin bincike, har kwalabe suka yi ƙara.

Levente, saurayinta, ya ja da baya.

"Bogi, masoyiyata, sakamakon ne ya nuna..."

"Kar ka sake ce min masoyiya!"

Wata bakwai ta yi tana haɗa maganin nan. Kai biyu gare shi: ɗaya ya cafke furotin da ke rura cutar daji, ɗayan ya ja shi zuwa inda ƙwayar halitta ke niƙe shararta. A tsakani akwai sarƙar sinadari mai suna PEG, ta maƙala mata wani sinadari, biotin, don a iya kamo ta da ƙananan duwatsun gwaji masu riƙe biotin. Levente kuwa aikinsa gwadawa kawai. Sau ɗaya ya gwada, duwatsun suka fito fayau, ya miƙe a taro ya ce sarƙar ba ta kama komai.

"Sau ɗaya fa, Levente! Ko shayi ba a yanke masa hukunci da kurɓa ɗaya!"

Kafin la'asar Farfesa ya miƙa aikin ga Dokta Tímea, wadda duk jami'ar Szeged ta san idonta na kan Levente.

Ran Lahadi Boglárka ta tafi ƙauyensu a bakin kogin Tisza. Mahaifinta na juya miyar kifi a tsakar gida.

"Tun farko na faɗa miki," in ji shi. "Namijin da zai kunyata ki a gaban mutane ba zai shigo gidan nan ba."

"Baba, don Allah, kaina ciwo yake..."

Sai ga Levente a kan keke, gumi sharkaf, riƙe da hoton gwaji.

"Bogi, duba! Ya kama!"

"Me ya kama? Hankalinka?"

"Maganinki! Ruwan wankin duwatsun da Tímea ta ba ni cike yake da biotin. Shi ya toshe duwatsun kafin naki ya iso. Na haɗa sabo da hannuna, na gwada sau uku..."

Ta fizge hoton. Ga layin da ke nuna maganin ya kama, baƙi ƙirin, daidai inda ta yi wata bakwai tana jiransa. Hawaye suka cika idonta, takaici ya ƙaru.

"Ta ba ka ruwa, ka karɓa ba tambaya? Ni na ba ka aikina, ka yi shakka?"

"Na yi wauta, rabin raina."

"Wauta ma ta fi ka wayo!"

"Na faɗa wa Farfesa komai a gaban kowa, har da laifina. Ya mayar miki da aikin."

Mahaifinta ya tura masa kujera da ƙafa.

"Zauna. Wanda ya iya tona asirin kansa zai iya cin miyata."

A watan Satumba aka ɗaura aurensu, Tímea kuwa ta nemi canjin sashe. Da takardar binciken ta fito, Levente ya shigo yana murmushi.

"Amaryata, sunanki ne na farko a jerin marubuta. Amma ni... na huɗu?"

"Na huɗun ma," ta ce tana gyara masa kwala, "alfarma na yi maka."