Muryar Torika a Kan Dutse

Da la'asar sakaliya Peniasi ya ɗora batir a kafaɗa, ya ɗauki adda da tocila, ya nufi dutsen da ke bayan ƙauyensu. Kwana da kwanaki hadari ya rufe tsibirin, farantin sola bai ga rana ba, ya san lasifikar da ke can sama ta kusa yin shiru.

A bakin gaɓa ya tarar da taubashiyarsa Unaisi tana jiran kwalekwalen da zai kai ta jirgin ruwan da ke zuwa birnin Suba. Ita ce malamar jami'ar da ke binciken kacau, tsuntsun tekun nan da ke haƙa rami a kan duwatsu ya yi ƙwai, wanda ɓeraye da kuliyoyin daji suka kusa ƙarar da irinsa.

"Tsoho, kai ka ɗauko batirin nan ko shi ya ɗauko ka?"

"Je ki birni ki ci burodinki. Wadda in ta hau dutse sai an gasa mata gwiwa."

"Ka bari sai da safe mana. Tsuntsayen ba za su kai ƙararka ba."

"In lasifikar ta yi shiru yau, wucewa za su yi."

Unaisi ta dube shi. Ta san ba don tsuntsaye kaɗai yake hawa ba.

Kacau ba ya sauka inda bai ji kukan 'yan'uwansa ba. Shi ya sa shi da Unaisi suka kewaye ƙololuwar dutsen da waya, suka haƙa ramuka, suka kafa lasifikar da ke maimaita kukan da zarar rana ta faɗi. Lokacin da aka naɗi kukan, matar Peniasi, Torika, tana da rai, ita ce ma ta riƙe na'urar. A ƙarshen naɗin ana jin raɗarta: "Peni, tsaya, kada ka motsa." Bayan rasuwarta Unaisi ta so ta yanke wurin, ya roƙe ta ta bari.

Da suka kai wa dattawa saiwar yangona, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a taron al'ada, don neman izinin wurin, babbansu ya karɓa, ya ce, "Doron dutsen nan hanyar matattu ce, ta nan suke bi su nufi yamma su faɗa teku. Ku kira tsuntsu, amma kada a kira mutum." Peniasi ya tafa hannu tare da kowa, ya sha ƙoƙonsa, bai ambaci muryar ba.

Ya wuce gonakin gwaza, ya shiga kurmi. Ƙasa jiƙe take, tana warin ruɓaɓɓen ganye. Manyan jemagu suna ta faɗa a kan itatuwa. Tun yana tsakiyar hawa ya jiyo kukan kacau daga sama, hankalinsa ya kwanta, ya ce ashe da sauran wuta.

Can sai jemagun suka yi tsit. Kwaɗi ma suka yi tsit.

Ya buɗe ƙyauren shingen, ya durƙusa gaban akwatin lasifikar, ya haska. Ƙaramar fitilarsa a mace. Ɓera ya sami hanya ya gaigaye wayar wutar, har bakinta ya yi tsatsa.

Kukan bai tsaya ba.

Sai ƙamshin man kwakwa ya zo masa, irin wanda ake jiƙa wa fure. Tun ranar da aka binne Torika bai sake jin sa ba.

"Peni."

Daga bayansa muryar ta fito. Ya jira sauran maganar da ya haddace.

"Ka rame," in ji ta.

Bai waiwaya ba. "Torika?"

"Kullum sai na kusa kaiwa, sai in ji kaina ina kiranka. In dawo in duba." Ta yi tari, irin tarinta na ƙarshe. "Na gaji, Peni. Na tare wa mutane hanya."

A lokacin ya ji su. Numfashi a cikin ciyawa, hagu da dama. Sawu marasa takalmi suna canza ƙafa cikin taɓo, irin na waɗanda suka daɗe a tsaye.

"Gidan ba kowa," ya ce. "Ni kaɗai nake cin abinci."

"To taso ka raka ni. Ba nisa."

Yatsu masu sanyi suka shiga tsakanin nasa, daidai yadda ta saba.

Ya tashi.

Bai tuna ya fita daga shingen ba. Ciyawa kawai yake ji tana shafar ƙaurinsa. Iska ta fara ɗanɗanon gishiri. Ƙasa da shi, can nesa, teku yana dukan duwatsu.

Bai ji tsoro ba, kuma wannan ne ya fi komai muni.

Tocilar tana lilo a hannunsa na hagu, haskenta yana yawo a sama. Wani abu ya faɗo daga cikin hadari ya doke shi a ƙirji. Peniasi ya faɗi zaune.

Kacau ne. Hasken ya ruɗe shi. Yana kwance a cinyarsa, baƙi, jiƙe, yana warin kifi, zuciyarsa tana bugawa da sauri. Peniasi ya fizge hannunsa na dama ya rufe masa fikafikai, yadda aka koya masa, don kada ya karye.

Sai ya haska gabansa. Digadigansa a kan bakin dutsen suke. Gaba babu ƙasa.

"Peni."

"Je ki," ya ce. "Ba zan ƙara ba. Je ki, uwar gida."

Sannan iska ta wuce ta gefensa, ta sake wucewa, ta yi ta wucewa, ɗaya bayan ɗaya. Da ta ƙare, kwaɗi suka ɗauki kuka.

Da rarrafe ya koma shingen, tsuntsun a cikin rigarsa. Ya sa shi a bakin wani rami, ya ga shigarsa.

Da Unaisi ta dawo ya ce ta yanke muryar, ta kuma goge ta daga duk inda ta ajiye. Ta buɗe baki za ta tsokane shi, ta ga fuskarsa, ta fasa. Ya kai wa dattawa saiwar yangona mafi girma a gonarsa, ya faɗa musu gaskiya.

A shekarar aka sami ɗan tsako a ramin. Peniasi yana hawa har yanzu, amma da rana. Wani lokaci Torika takan zo masa a mafarki, ta zauna bakin ƙofa tana kankare kwakwa, tana ba shi labari. Yana ganin bakinta yana motsi. Ba ya jin komai.