Tabo Uku a Bayan Panela

"Ajiye lasifikar nan, Yuleidis."

"Ba zan ajiye ba, Baba."

Mutum ya fi ɗari a gaban gilashin, baƙi da 'ya'yansu, sun zo kallo gidan kifin mahaifina da ke gaɓar teku a garin Santa Marta. To yau za su ga abin da ya fi kifi.

Kwana biyu ke nan da Baba ya kori Wilfrido.

Wilfrido masoyina ne, ɗan masunta. Shi ya tsinci jaririyar ayu jina-jina a bakin tafki, ya kawo mana ita a kwalekwale, muka sa mata suna Panela. Wata huɗu yana shiga ruwa har ƙirji yana ba ta madara a fida, ni ina riƙe mata wutsiya. A cikin ruwan nan ya fara ce min "sarauniyata", haƙoransa na kaɗawa don sanyi.

Baba kuwa Jaider yake so min, direban jirginmu mai gudu da ke kai baƙi yawo. Ga tabarau, ga turare, ga baki kamar rediyo. Yana jin Wilfrido zai zo neman aurena ranar Lahadi, sai ga shi ofis da guntuwar raga, wai da ita Wilfrido ya kama Panela ya ji mata ciwo don ya samu aiki a wurinmu.

Baba ko tambaya bai yi ba.

Jaider ya matso yana murmushi. "Haba 'yan mata, kina ba da mu a gaban baƙi..."

"Kai yi min shiru, ban zo kanka ba tukuna."

Na juya wajen jama'a, raina na tafasa. "Ku dubi bayan Panela. Tabo nawa kuka gani?"

"Uku," in ji wata mata. "A jere."

"Akwai masunci a nan?"

Wani dattijo ya ɗaga hannu, ya kusa manna hancinsa da gilashin. "'Yata, raga zobe take yi, ta zagaye wutsiya. Wannan saran farfelar jirgi ne."

"Na gode, Kawu. Kwalekwalen Wilfrido bai taɓa ganin inji ba. Jirgi ɗaya ne yake yanke ta bakin tafki da gudu don ya riga kowa dawowa, ko ƙarya nake, Jaider?"

Ya cire tabarau, ya mayar. "Ruwan ne ya gurɓace ranar... ban gan ta ba..."



Abin da ya fi min ciwo, shekara talatin Baba yana ɗinke irin wannan rauni. Ya fi ni sanin saran farfela. Ba ya son ya sani ne kawai.

"Kin tozarta ni a gidana," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Sau biyu na faɗa maka a ɗaki, Baba, ka ce in fita. Panela ba ta karɓi fida ba tun shekaranjiya. In ta mutu, na bar gidan nan. In ta rayu ma, Wilfrido zan aura."

 Baba ya fizgi fidar daga hannun wani ma'aikaci, ya hau matakala, ya faɗa ruwan da wandonsa na ofis. Ya miƙa mata. Panela ta shinshina, ta juya masa baya. Ya sake binta, ta nutse ƙasa abinta.

Ya daɗe a tsaye, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Ina Wilfrido yake?"

"Yana bakin ƙofa tun safe. Kai ka ce mai gadi ya hana shi."

"A kira shi."

Wilfrido ya shigo ba takalmi, idanunsa jawur. Bai kalli Jaider ba, ni ma bai kalle ni ba, ruwan ya faɗa. Ya ɗan bubbuga saman ruwan sau biyu yadda ya saba. Panela ta taso ta cafki fidar har da rungume masa hannu.

Sai a lokacin hawaye ya zo min.

Baba ya fito yana matse riga, ya tsaya ya ba Wilfrido baya.

"Lahadi ka zo da iyayenka. Kuma ka sa takalmi."

Wilfrido ya ɗago. "Sarauniyata... zo riƙe mata wutsiya."

Na ɗanƙa wa Jaider lasifikar, na shiga da kayan jikina.