Ranar Da Ya Miƙa Iyayena

Ko takalmi ban cire ba na faɗa falonsu.

"Izzuddin! Ina ka kai min iyayena?"

Abincin rana na tarar suna ci, shi da mahaifiyarsa Mak Cik Rohaya, sai Nurin, 'yar ƙawarta da ta daɗe tana burin ya aura a madadina.

"A garinku haka ake shiga gidan mutane?" Mak Cik ta faɗa tana kallon ƙafafuna.

Ko kallonta ban yi ba.

"Na dawo daga aiki gida wayam! Keken guragun Bapak babu, jakar Ibu babu! Maƙwabciya ta ce motarka ta gani..."

Ya miƙe a hankali, hannunsa duk shinkafa.

"Sayang, masoyiyata, zauna mu yi magana."

"Kada ka sake kirana da wannan sunan! Ina suke?"

"Suna ofishin shige da fice." Ya kau da kai. "Ni na kai su."

Na dafa bango.

Shekarata tara ina aikin jinya a nan Ipoh ta Malesiya. Daga Kediri ta Indonesiya iyayena, mahaifina Bapak da mahaifiyata Ibu, suka zo baikona da Izzuddin, da bizar kwana talatin. A kwana na goma sha biyu Bapak ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An ƙara musu wa'adi sau ɗaya, ya ƙare. Sau biyu ina nema musu izinin zama na dindindin a hannuna, sau biyu ana mayar min da takarduna. Wa zai kula da shi a ƙauye, ni kaɗai suka haifa? Sai na ja labule na kulle ƙofa. Wata takwas ke nan. Daga ni sai Izzuddin muka sani, ko kuma haka na zata.

"Kai?" Na nuna shi da yatsa. "Kai da ka dafa kaina ka ce sirrina naka ne?"

"To me ya yi na laifi?" Mak Cik ta ture farantinta. "Ɗana ma'aikacin gwamnati ne. So kike a kore shi saboda 'yan ɓoyenki? Tun farko na faɗa, ba zan haɗa zuri'a da mutanen da ke jin ƙwanƙwasa ƙofa su shige bayi ba!"

"Mak, ya isa!"

"Bai isa ba! Ta zo cin arziki, ta jajibo mana gurgu da tsohuwa..."

Nurin ta rufe baki tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Yaya Ratih, ki yi haƙuri mana. Doka ce ai, ba mu muka rubuta ta ba."

Izzuddin ya juya kanta da wasu idanu da ban taɓa ganinsu ba.

"Ke rufe min baki. Faɗa mata inda kika je jiya."

Dariyar ta ɗauke.

"Tunda ba za ki faɗa ba, ni zan faɗa. Ratih, ta ga saƙonninmu a wayata. Jiya kina wurin aiki Mak ta aike ta gidanki da kwanon alawa, wai gaisuwa. Ibu ta buɗe mata. A gaban idonsu ta ce in ba ki rabu da ni ba zuwa Litinin, za ta buga waya a zo a kwashe su, ke ma a ƙwace izinin aikinki saboda kin ɓoye su. Da asuba Bapak ya kira ni, ya ce in kai su da ƙafarsu kafin a zo a ja su."

"Shi ne ba ka kira ni ba?"

"Ya rantsar da ni. Ya ce za ki hana."

"Tabbas zan hana! Ubana ne, ba naka ba!"

"Ratih, da an kama su..."

"Ka zaɓa min, Izzuddin. Kai da uwarka duk ɗaya kuke, kowa ya yanke yadda za a yi da iyayena, ni ce kawai ba a tambaya ba." Na juya ga Nurin. "Ga shi nan, ki cinye. Allah Ya sa ya miƙa ki yadda ya miƙa su!"

A kan benci na same su a ofishin. Ibu na rungume da jakarta, Bapak a kekensa ya sha rigarsa ta zuwa masallaci. Ba a tsare su ba, tunda su suka kawo kansu kuma an ga halin da yake ciki. An ba su kwana goma sha huɗu su fita, da hanin shigowa na shekara biyar.

Na durƙusa a gabansa ina kuka.

"Bapak, me ya sa?"

Bakinsa a karkace yake, kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa.

"Nduk, 'yata... wata takwas... ban je Juma'a ba. Ko tari zan yi... sai uwarki ta toshe min baki. Ni ba ɓarawo ba ne."

"Da na samo hanya!"

"Kin nema. Babu." Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina. "Yaron nan... ya yi kuka a mota. Kada ki zalunce shi."

Ban ji wannan ba, don ban so in ji ba.

A satin na ajiye aiki. Izzuddin ya kira har na toshe lambarsa. Ranar tafiyarmu ya zo filin jirgi, ya kama keken Bapak zai tura, na fizge.

"Ka tura shi sau ɗaya, ya isa."

Ya saki. Har muka shige ban waiwaya ba.

Wata biyar muka yi a Kediri. Na samu aiki a wani ƙaramin asibiti, Bapak kuwa kullum yana ƙofar gida yana shan hantsi, kowa ya wuce sai ya tsayar da shi hira. Har ƙiba ya yi. Abin yana faranta min rai, yana kuma ci min rai, don na san abin da yake nufi: su ne da gaskiya, ba ni ba.

Wata Asabar ina shanya na ji Ibu tana cewa, "Shigo mana, Nak, ɗana, shigo!"

Izzuddin ne. Ya rame. Wani dattijo na biye da shi, ƙanin mahaifinsa.

"Me ya kawo ka?"

"Ke."

"Ina Nurin?"

"Ban sani ba. Tun ranar ban sake yarda mun haɗu ba."

"Mak Cik fa?"

"Ta ce in na taho kada in koma mata gida. Na ce zan koma, uwata ce. Amma da matata zan koma, ko a yau ko bayan shekara biyar." Ya matso. "Na nemi a mayar da ni aiki kusa da filin jirgi. Duk wata zan zo. Ba zan ce ki bar su ba."

"Ban yafe maka ba, Abang."

Sai da kalmar ta fita na ji abin da na kira shi, sunan da mace ke kiran mijinta da shi a garinsu. Shi ma ya ji.

"Na sani. Da za a sake, zan kai su. Amma zan fara faɗa miki, ko da za ki tsane ni."

"Da na tsane ka."

"Yanzu fa?"

Na juya masa baya ina matse rigar da na riga na matse. Hawaye sai zuba suke.

Daga ƙofa Bapak ya buga sandarsa a ƙasa.

"Nduk! In faɗan ne... ku ƙarasa bayan ɗaurin aure. Ni waliyyi ne... kuma ban san kwana nawa suka rage min ba."

Ibu ta leƙo tana jiran bakina. A karon farko tun da abin ya fara, ni ake tambaya.

Na share fuskata da bayan hannu.

"Ibu, ki ƙara shinkafa. Baƙin nan kwana za su yi."