Gidan Lanham Ba Ya Jinginuwa

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Kaneng na kicin a gidansu na unguwar Lanham, a Amurka, tana juya gwate ta ji muryar Bartholomew, yayan mijinta Choji, tana tashi a falo.

"Tasi goma zan zuba a Washington, Choji! Banki ya yarda, jingina kawai suke so. Kawo takardun gidan nan."

Choji ya sunkuyar da kai. "Yaya, gidan ba nawa ba ne yanzu."

"Na wa ne?"

"Tun shekarar da aka haifi Olive na sa shi cikin amana, abin da lauyoyi ke kira trust. Na Kaneng ne da yarinyar, lauya ke riƙe musu. Ba ya sayuwa, ba ya jinginuwa. Ni kaina ba ni da ikon warwarewa."

Bartholomew ya miƙe, ya nuna ƙofar kicin. "Aikinta ne! Ni na biya maka makaranta tun daga Bukuru, yau nas ta mallake ka!" Ya fita ko abinci bai taɓa ba.

Kafin wata ya ƙare magana ta kai Jos. Surukar Kaneng ta daina amsa gaisuwarta. A coci kuwa Irene, matar Bartholomew, sai ta canja benci in ta hango ta.

Abin ya ci Choji har ya rame. Wata safiya Kaneng na shirin tafiya asibiti ya tare ta a ƙofa.

"Dear, mu je wurin lauyan nan, ko akwai wata hanya."

"Baban Olive, kai da bakinka ka ce masa ya ɗaure maka hannu, don ba ka iya ce wa Yaya a'a ba. Ka manta?"

"Wato kin fi son gini a kan zumuncina!"

Hawaye suka zubo mata. "Kai nake so. Shi ya sa ba zan bi ka ba."

A ranar ya kwashe kayansa ya koma Silver Spring wurin yayansa. Bartholomew ya jinginar da nasa gidan, Choji ya sa hannu ya tsaya masa. Kaneng ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Ta ci gaba da aikinta, duk Asabar kuma sai ta kai Olive ta ga babanta, da kular abinci a hannu.

Shekara ba ta cika ba harkar ta rushe. Inshora ta yi tsada, motoci suka yi ta lalacewa, direbobi suka watse. Masu bin bashi suka tafi kotu, aka karɓe motocin da gidan Bartholomew da ɗan ajiyar Choji. Lauyoyinsu suka juyo kan gidan Lanham, alƙali ya ce ba dukiyar Choji ba ce, kuma an yi amanar tun kafin a ci bashin.

Wata rana da la'asar Kaneng ta ji ƙararrawar ƙofa. Tana buɗewa ta ga Choji, bayansa Irene da yara da akwatuna. Bartholomew na can bakin titi, ya kasa tahowa.

Choji ya ce, "Kaneng, ban san da wane baki..."

"Shigo da kayan, sanyi na dukan yara. Na share ɗakin ƙasa tun da na ji hukuncin."

Ta taka har bakin titi, ta rusuna. "Yaya, sannu da zuwa."

Bartholomew ya ce, "Matarmu, bayan duk abin da na faɗa miki?"

"Ya wuce, Yaya. Ina za ku je da ya fi gidan ƙaninka?"

Choji ya riƙe hannunta. A ɗakin ƙasan nan iyalin Bartholomew suka zauna har suka farfaɗo.

Mai son iyalinsa da gaske yakan killace musu matsuguni tun ana zaman lafiya, inda bashi ba zai kai ba, ko da nasa ne. Wadda kuma ta jure zargi ta riƙe amana, wata rana masu zarginta a inuwarta za su fake.