Wasiƙu Bakwai a Cikin Iskar Mota

"Ni ban taɓa shi ba, Baban Auta," in ji Mama.

"To wa ya taɓa? Ke ce a gaba. Kullum murɗa dama, murɗa hagu, kamar mai neman tashar rediyo."

"Kai fa? Jiya da hannu biyu na ga kana kokawa da shi."

Auta tana kujerar baya, jakar makaranta a cinyarta.

Maɓallin iskar motar ne ya ƙi juyawa. Shi ake murɗawa iska ta hau fuska, ko ta sauka ƙafa, ko ta bugi gilashin gaba. Yanzu ya kafe a kan ƙafa. Ga shi kullum ana ruwa. Da an rufe tagogi sai gilashi ya yi gumi, hanya ta ɓace. Baba yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana goge gilashi da tsumma.

"Ba zan hau babbar hanya a haka ba," in ji shi. "In bai gyaru ba kafin Asabar, babu zuwa gun Kaka."

Auta ta ƙanƙame jakarta. Wata biyar rabonta da Kaka. Kuma ta san wani abu da su ba su sani ba.

Duk ranar da Baba ke wanke mota, Auta takan zauna a gaba. Takan kusanto da fuskarta ga 'yar ragar da iska ke fitowa. Wata rana ta ji kamar ƙamshin sabulun Kaka a ciki. Ta lumshe ido. Sai ta ga doguwar hanya a bayan ragar. Hanyar ta bi ta ƙarƙashin gari, ta hau bisa, ta ratsa gizagizai masu laushi, ta fito daidai tagar ɗakin Kaka.

Daga ranar ta fara rubuta wasiƙu. Ta naɗe takarda siririya kamar tsinke, ta tura ta cikin ragar. Guda bakwai ta tura. Amsa ba ta zo ba. Ta yi tunani, ta ce ƙila Kaka ba ta da abin rubutu. Sai ta tura mata guntun fensirinta.

Washegari maɓalli ya kafe.

Ranar Alhamis bayan an tashi makaranta, su uku suka tafi gareji. Bakaniken dogo ne, da tocila a aljihun riga. Da mota yake hira, ba da mai ita ba.

"Hajiya, me ke damunki yau?" ya tambayi motar, yana shafa goshinta. "Tsss. Tsss. Faɗa mini, ba wanda zai ji."

Auta gwanar kwaikwayo ce. Ta shafa kujera, ta yi ƙasa da murya. "Tsss. Tsss. Hajiya, faɗa mini." Mama ta harare ta, tana danne dariya.

Bakanike ya duba fis ɗin wutar motar. Lafiya lau. Ya kunna fanka, ta juya. Ya zare kan maɓallin, ya haska wayar da ke bayansa. Ba ta tsinke ba.

"Yallaɓai, ka ga," in ji shi. "Can ciki akwai wata 'yar ƙofa. Maɓalli yana jan waya, waya tana jan ƙofar, ƙofar tana nuna wa iska hanya. Wani abu ne ya tokare ta."

"Mene ne?"

"Hajiya ta ƙi faɗa. Ban san ta ina ya shiga ba. Sai na kwance gaban motar gaba ɗaya. Kwana huɗu."

Auta ta ƙirga da yatsu a ƙarƙashin jakarta. Juma'a. Asabar. Ba ta ƙarasa ba. Ta ga tagar Kaka tana yin nisa, tana ƙanƙancewa cikin gizagizai.

Ta buɗe baki, muryarta ta ƙi fita. Sai ta ari ta bakanike.

"Tsss. Yallaɓai, ina ganin fensir ne."

Duka suka juyo.

"Auta, ba lokacin wasa ba ne," in ji Baba.

"Ba wasa nake ba, Baba." Wannan karon da muryarta ta yi magana. "Ni na saka. Da wasiƙu. Na Kaka ne."

Bakanike ya durƙusa daidai tsayinta.

"'Yata, ta wace raga?"

Ta nuna ta tsakiya. Ya ɓalle ragar a hankali. Ya riƙe tocila da baki, ya zura doguwar waya mai lanƙwasa. Wasiƙa ta fito. Wata ta biyo ta. Mama tana karɓa tana jerawa a tafin hannu, har bakwai. Can waya ta kamo wani abu mai tauri. Ga guntun fensir, duk sawun haƙori a gindinsa.

"Yallaɓai, murɗa."

Baba ya murɗa da yatsu biyu. Maɓalli ya juya sumul. Iska ta hau gilashi, gumin ya fara narkewa daga ƙasa, duniya ta fito tas.

Mama ta warware takarda ɗaya. An rubuta: "Kaka, haƙorina na gaba ya fito. Ki zo ki gani kafin ya tsufa." Ta daɗe tana kallon ta.

"Zo nan, Auta," in ji Baba. "Ragar nan ba ta zuwa ko'ina. Iyakarta cikin mota. Ba a tura wa inji abin da ba nasa ba. Amma babban kuskurenki shi ne shirun. Kwana uku kina ji ina ɗora wa mamanki laifi. Da kin faɗa tun farko, da tuni an wuce wurin."

"Ku yi haƙuri. Ba zan ƙara ɓoyewa ba."

"Mun haƙura. Gobe ke za ki share cikin motar."

Mama ta yi gyaran murya. "Saura mai neman tashar rediyo. Ita ba a ba ta haƙuri ba."

Baba ya sosa ƙeya. "Ki yi haƙuri, Maman Auta."

Ranar Asabar aka yi ta yayyafi, amma gilashi garau. Auta ta riƙe wasiƙunta a hannu har ƙofar Kaka. Ta nuna haƙori, ta ba da labari duka, da muryar Baba, da ta Mama, da "tsss" ɗin bakanike. Kaka ta yi dariya har da hawaye.

Sannan ta sa tabarau, ta ƙirga takardun.

"Bakwai," in ji Auta. "Ko ɗaya ba ta iso ba, Kaka."

"Wa ya gaya miki?" in ji Kaka, tana ƙifta mata ido. "Ta haƙorin nan tun ranar Talata fankar ɗakina ta karanta mini ita."