Kukan da Uzairu Ya Naɗa

Rana ta faɗi a Nasarawo, hayaƙin girki ya kwanta a kan katangu, masu keke suna ta hanzarin sauke fasinja kafin a kira sallah. A gidan Dada, dattijuwar da ke sayar da man shanu a bakin layi, komai yana tafiya yadda ya saba. 'Yarta Bushra tana kaɗa miya a tsakar gida. Ɗanta Uzairu kuwa yana ɗakinsa na zaure, ya tasa kwamfuta a gaba yana ta tsaki.

Fim yake haɗawa, na ban tsoro, labarin aljana a asibitin masu taɓin hankali. To amma wane asibiti? Wani kangon makaranta ne a Manawashi suka shafa wa farar ƙasa, suka jera gadajen ƙarfe na aro. Likitan fim ɗin, rigar mai aski ya saka. Jinin kuwa zoɓo ne, ƙudaje ma ba su bari an ɗauke shi cikin natsuwa ba. Abokinsa Jerome mai riƙe kyamara sai ya tashi daga shagon walda a Herwagana yake zuwa, lokacin haske ya gudu. Jarumar da suka ɗauko ta yi fushi ta tafi, dole Uzairu ya lallaɓa ƙanwarsa Bushra ta hau gadon.

Abu ɗaya ne rak ya yi kyau a fim ɗin, wato kukan aljanar. Bushra baki kawai take buɗewa, sautin daga baya Uzairu yake ɗora shi. Wani irin kuka ne mai ja, mai nauyi, wanda Jerome da ya ji shi sai da ya cire abin kunne ya ajiye. Ya tambayi inda aka samo shi, Uzairu ya ce a intanet. Kullum da an kawo wuta da yamma sai ya ƙure sifika, ya yi ta maimaita wurin, yana so kukan ya hau leɓen Bushra daidai.

Yana cikin maimaitawar ne dutse ya sauka a kan kwanon rufi. Ya ɗaga kai. Wani ya sake sauka, ya gangara a hankali, ya tsaya daidai saitin kansa.

Ya fita a fusace yana cewa yau sai ya ci mutuncin 'ya'yan makwabta. Layin wayam, kowa ya shige sallah. Ya dawo ya tarar da Dada tsaye a bayan labulen ƙofarsa da buta a hannu, tana kallon ƙasa.

"Dada, kin ga masu jifan?"

"Ban ga kowa ba. Ka je ka yi sallah."

Abu kamar wasa, jifa ya zama na kullum. Da zarar ya kunna kukan, sai duwatsu. Ya hau kwano da rana ya duba, ko tsakuwa babu. Ya yi faɗa da makwabta har sai da mai unguwa ya shiga tsakani. Daga baya kuma aka fara jin sawu a soro, wani yana jan ƙafa yana tsayawa a bakin kowane ɗaki, kamar mai neman inda aka kwantar da nasa. Uzairu ya ce ɓeraye ne. Shi dai takaicinsa ɗaya, ga fim ya kusa fita, ga shashanci ya hana shi aiki.

Ranar da abin ya ɓaci, magariba ce irin ta farko. Bushra ta leƙo ɗakinsa za ta ce abinci ya sauka, sai ta ga fuskarta a kwamfuta, baki buɗe, kukan yana fita. Ta tsaya. Ludayin hannunta ya faɗi. Ta sulale ƙasa, ta dunƙule, ta fara jijjiga gaba da baya.

"Haba Bushra, yanzu kika ga damar iyawa?" in ji Uzairu. "Da nake roƙonki a Manawashi dariya kike ta yi mini. Tashi, don Allah, ba na son iskanci."

Ta ɗago kai. Idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne. Ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito, a dishe.

"Ina kuka kai shi?"

Uzairu ya ƙwala wa Dada kira da muryar da rabonsa da ita tun yana ƙarami.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗi. Bushra ba ci ba sha sai an ɗura mata. Ta bi gidan ɗaki ɗaki tana ɗaga katifu, tana leƙa ƙarƙashin gado, tambayarta dai ɗaya. Mai kemis ya ba da maganin barci, bai yi komai ba. Mata suka cika gidan da jaje da gulma, wasu na cewa ai ga irinta nan, wa ya aike su wasa da mutanen ɓoye, wasu na cewa ciwon gidan ne ya dawo, a kai ta inda aka kai yayanta. Wannan maganar ce ta fi ƙona wa Uzairu rai. Yayansu Sadisu ya daɗe a asibitin masu taɓin hankali kafin a dawo da shi gida, zazzaɓi ya ɗauke shi a daminar da ta wuce. Uzairu ya san abin da ake nufi da kai mutum can, kuma ya rantse ƙanwarsa ba za ta kwana a irin gadon nan da gaske ba.

Jerome ne ya ce masa, "Mutumina, wannan ba aikin allura ba ne. Ku nemo malaminku."

Aka ɗauko Modibbo Bamanga a kan acaɓa bayan la'asar. Tsoho ne siriri, ba ya gaggawar magana. Ya sallami matan unguwa, ya bar Dada da Uzairu. Aka zaunar da Bushra a tabarma aka lulluɓa mata mayafi. Ya fara karatu a hankali, yana yi yana tofawa a ruwa, har inuwa ta cinye tsakar gidan. Can jikinta ya ɗauki rawa, muryar tsohon ta fito.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni a banza."

"Wane ne kai?"

"Sunana ba zai amfane ka ba. Musulmi ne ni, tun kafin a haifi kakanka."

"Musulmi yake jifan gidan marayu? Me yarinyar nan ta yi maka?"

Muryar ta yi ajiyar zuciya, irin ta wanda ya gaji da yi wa kurame bayani.

"A asibiti nake zaune, a kusurwar ɗakin maza, bayan gadon ƙarshe. Mutane suna zuwa suna tafiya, ban kula kowa ba sai Sadisu. Shi ne yake ganina bai tsorata ba, har gefen bargo yake matsa mini. In magariba ta yi yakan yi kuka, in zauna kusa da shi har ya yi shiru. Wata rana na fita na dawo na tarar an yaye zanen gadon. Na nema na gaji. Sai kwanan nan iska ta kawo mini kukansa daga gidan nan. Na zo na yi sallama da duwatsu, ba wanda ya amsa. Na duba ɗakuna, ba ya nan. Rannan na ga yarinyar nan a cikin akwatin can, ta buɗe baki, kukansa ya fito. Na ce to, a cikinta suka ɓoye shi. Na shiga na duba ko'ina, ba ya ciki. Ku fito mini da shi in tafi."

Modibbo ya juyo ya dubi Uzairu. Kallon ya isa.

Uzairu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya faɗi gaskiya kansa a sunkuye. Sau ɗaya ya je duba Sadisu shi kaɗai, kuma don ya ga yadda ɗakunan suke ne saboda fim. Magariba ta same shi a can, Sadisu ya fara kuka, shi kuma ya zaro waya ya naɗa. Ya yanke ƙarshen, ya ja sautin ya yi kauri, ya ɗora a bakin Bushra.

"Ba ita take yi ba," ya ce da wanda ke cikin mayafin. "Ɗorawa ake yi. Hoto daban, sauti daban. Haka ake fim."

"To shi yana ina?"

Modibbo ya ce, "Sadisu ya riga mu gidan gaskiya."

"Ƙarya ne! Matacce ne yake kuka kowace magariba, kuka ɗaya, ba ya ko numfasawa?"

Dada ce ta amsa daga inda take rakuɓe. "Da hannuna na rufe masa ido, bawan Allah. Ya tafi."

Daga nesa aka fara kiran sallah. Hawaye suka gangaro daga ƙarƙashin mayafin suka ɗiga a tabarma, ba wanda ya san ko na wane ne.

"Ashe ya huta, ku ne kuka hana shi yin shiru," in ji muryar. "Zan fita. Amma kukan nan kada in sake jin sa a duniya."

"Fim ɗin fa?" Maganar ta kuɓuce wa Uzairu kafin ya kama ta, kunya ta rufe shi.

"Riƙe abinka. Na kalla, ko akuya ba zai firgita ba. Kukan kawai."

Ko a wannan halin sai da maganar ta soke shi, don ya san gaskiya ce. In aka cire kukan, ba abin da ya rage sai zoɓo da rigar mai aski. Ya ɗauko kwamfutar ya goge duk inda sautin yake. Ya zaro waya, inda na asalin yake, ya kai yatsa.

"Tsaya," in ji Dada.

Ta matso da jan gwiwa. "Ka zaci ban gane ba? Tun ranar farko na san muryar ɗana, duk yadda ka murɗe ta. Me kake tsammani yake tsayar da ni a bayan labulenka? Ba ni da muryarsa a ko'ina sai nan." Ta dubi Bushra, ta dubi wayar. "Sa mini sau ɗaya, yadda ya yi shi, ba wanda ka yanke ba."

Modibbo ya dubi mayafin, kan da ke ciki ya gyaɗa.

Uzairu ya danna. Kukan ya fito siriri, na mutum, ba na aljana ba, da ƙarar fanka a bayansa. Ya ja, ya ja, ya sauka. A ƙarshe, wurin da Uzairu ya yanke saboda ba ya ba da tsoro, Sadisu ya ja hanci ya ce a hankali, "Dada?"

"Na'am," in ji ta.

Ta share fuska da gefen zane. "Goge."

Ya goge. Modibbo ya kama ɗan yatsan ƙafar Bushra ta hagu ta saman mayafi, ya karɓi alkawari daga aljanin, ya ci gaba da karatu. Ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Da ta buɗe ido sai ta dubi yayanta ta ce, "Hamma Uzairu, miyata ba ta ƙone ba?"

Jifa bai sake sauka a gidan ba. Jerome ya yi ta kira a kan su nemi wani sautin su ƙarasa, Uzairu yana cewa sai gobe. Washegari da magariba aka kawo wuta, yana zaune gaban kwamfutar bai kunna ba. Ta ƙasan labule ya hango ƙafafun Dada sun zo sun tsaya, da buta a gefe. Ta daɗe a wurin. Shi kuma ba shi da abin da zai sa mata.